Kujerar Dogo

Tun kafin aurensu kowa Dogo yake kiransa, ita kuwa Malama, don tana koyarwa a firamare. In suka jera, da ƙyar kanta yake kai kafaɗarsa. 'Yan uwansa har tsokanarta suke yi, wai in za ta yi masa raɗa sai ta aro tsani. Ita ma dariya take yi. Gajarta ba ta taɓa damunta ba sai da zancen tuƙi ya shigo.

Ciwon ƙafa ne ya kama Inna, mahaifiyar Dogo, likita ya ce sai an riƙa kai ta gashin ƙashi da yamma. A lokacin Dogo yana wurin aiki, motar ma'aikata ce ke kai shi ta dawo da shi, tasa kuwa tana gida a lulluɓe. Shi da bakinsa ya ce Malama ta je ta koyi tuƙi.

Mai koya mata wata mata ce da ba ta son wasa. Ranar farko ko makulli ba ta ba ta ba, sai da ta koyi zama.

"Sa hannu ƙarƙashin kujera, akwai ƙarfe, ɗaga shi ki jawo ta gaba," in ji ta. "Ki taka kuloci har ƙasa, gwiwarki tana ɗan lanƙwashe. Bayanki ya manne da majingina. Miƙa hannu, wuyan hannunki ya hau saman sitiyari ba tare da kin ɗago kafaɗa ba. Matashin kan nan kuma ba ado ba ne, ki daidaita shi da ƙeyarki."

Malama ta koya, ta samu lasisi. Ranar da ta fara fita da motar gida ta yi duk yadda aka nuna mata, ta kai Inna ta dawo da ita lafiya, tana jin kanta kamar ta tashi sama.

Da hutun ƙarshen mako Dogo ya buɗe mota zai shiga, gwiwarsa ta daki sitiyari. Daga kicin ta ji muryarsa.

"Wa ya taɓa min kujera?"

"Ni ce, Baban yara. Ƙafata ba ta kaiwa."

"Kin san wahalar da na sha kafin in samu inda bayana yake so? Kujerar nan in aka motsa ta, ba ta komawa daidai. Madubi ki juya yadda kika ga dama, amma kujera a bar min ita."

"To da me zan taka birki?"

"Ki sa filo."

Gaskiya ne yana fama da ciwon baya, ita ce ma take shafa masa magani. Don haka ta bari sai da ya huce ta sake tayar da maganar, ta ce za ta sa alama da alli a jikin ƙarfen don ta riƙa mayar masa. Ya ce, "Ke kaɗai ce gajeriya a garin nan? Sauran da me suke tuƙi?"

Haka ta ci gaba da tuƙi da filo biyu a baya. Tana zama a bakin kujera, tana taka birki da kan yatsu, bel ɗin kujera yana gogar wuyanta. Kafin su isa asibiti ƙugunta ya ƙage. Inna kuwa tana gefenta tana ba ta labarin jikoki, wani lokaci ta ce, "'Yar nan, ke kam kina tuƙi kamar mai leƙen katanga." Su yi dariya tare.

Wata ranar Laraba, a gangaren da ke kusa da ƙofar asibiti, wani mai babur ya faɗo gabansu. Malama ta miƙe ƙafa da ƙarfi. Filon ya zame, jikinta ya koma baya, ƙafar ta suɓuce daga birki. Ta karkatar da sitiyari, ta kauce wa mai babur, motar ta je ta daki ginshiƙin ƙofa.

Inna ta karye a wuyan hannu, goshinta ya fashe. Malama ta gurɗe a gwiwa. Ko da Dogo ya iso hankali a tashe, ya duba uwarsa, ya duba matarsa, ya gode wa Allah da abin ya tsaya nan. Bai yi mata faɗa ba ko kaɗan, ita kuwa da ya yi faɗan da ta samu bakin magana.

Gida ya cika da 'yan dubiya. Tana kwance a ɗaki da ƙafa a naɗe, tana jin hirar falo. Yayar Dogo, wadda kowa yake kira Yaya Babba, ita ce kan gaba.

"Ni fa tun farko na faɗa. Ba kowa aka yi don tuƙi ba. A ɗauki tsohuwa a damƙa wa 'yar koyo?"

"Tsautsayi ne, Yaya," in ji Dogo. "Ruɗewa ta yi. Kin san mata da firgita."

Malama ta kasa kunne, ko zai ce wani abu game da kujera. Ya ba da labarin ga abokansa, ya ba maƙwabta, ya ba 'yan wurin aikinsu a waya. Kullum akwai mai babur a ciki, akwai gangare, akwai firgita. Filo bai taɓa fitowa ba. Inna ma, da ta ga komai da idonta, sai ta ce ita ba ta tuna yadda aka yi ba. Ta daina kiranta 'yar nan, ta koma cewa Malama.

Bayan wasu makonni bakanike ya dawo da motar. Shi ma ba dogo ba ne, ya jawo kujerar gaba sosai. Malama tana tsaye a baranda da sanda a hannu. Tana kallo Dogo ya ɗaga ƙarfen, ya tura kujerar baya, ya zauna, ya ɗan jijjiga, ya sake turawa kaɗan. Ko ruwan shayi da aka ɗora ba zai tafasa ba ya gama. Ya jingina yana murmushi.

"Ka ga, ta ma fi yadda take a da daɗi," ya ce wa bakaniken.

Sai da mutumin ya tafi ta yi magana.

"Ashe tana komawa."

"Me?"

"Kujerar. Ka ce ba ta komawa."

Ya dube ta, fuskarsa ta canza. "Yanzu kuma ni za ki ɗora wa? Ni na taka miki birkin?"

"Ban taka ba ai. Ban kai ba."

Ya rufe ƙofar motar da ƙarfi ya wuce ciki. Washegari yana ɗaura agogo, ba tare da ya kalle ta ba, ya ce, "In ƙafarki ta warke ki ci gaba da kai Inna. Ki ja kujerar in kina so, tunda abin ya zama magana."

"Ba zan ƙara tuƙa ta ba," in ji Malama.

Kuma ba ta ƙara ba. Yaya Babba ta bi dangi tana cewa girman kai ne, an yafe mata amma ita ce mai fushi. Dogo ya ce tsoro ne, a ƙyale ta, zai wuce. Da ƙafar ta yi sauƙi, Malama ta koma kai Inna gashi, yanzu har da na hannu. Tana riƙe ta su taka a hankali zuwa bakin titi, su tsaya a rana su jira tasi. In ta zo, ta taimaka wa tsohuwar ta shiga, ta gyara mata zani, ta ɗora mata hannun a kan cinya. Daga nan har asibiti kowa tagarsa yake kallo.