Ranar Ɓoye Awaki

Wata goma sha ɗaya ke nan kuɗin tallafi na shigowa wayar Maman Tsinke, duk farkon wata, ba fashi. Ba wasu kuɗin a-zo-a-gani ba ne, amma da su ta cire ruɓaɓɓiyar ciyawar ɗakinta ta buga kwano, ta sayi awaki biyu, ta kuma riƙa dafa wa 'yarta ƙwai ɗaya kowace safiya. Yarinyar da aka laƙaba wa Tsinke saboda rama, wadda bara ko zama ba ta iya yi sai an tokare ta da matashi, yanzu ita ce ke korar kajin maƙwabta.

Ana cikin haka labari ya zo cewa masu tallafin za su turo jami'a ranar Laraba, ta bi gida-gida.

Kawu Maigadi, kawun mijinta, ya tara jama'a a gaban shagon tela. Ya yi shekara bakwai yana gadin wani ofis a birni, don haka duk wata magana ta takarda wajensa ake kaiwa, ko da yake a shekarun nan bakwai bai taɓa wuce bakin ƙofa ba.

"Ku buɗe kunnuwanku," ya ce. "Mutanen nan na san su kamar yunwar cikina. Kuɗin nan na matalauta ne. Duk wanda suka ga wuyansa ya yi kauri, jan biro za su sa su soke shi. Wanda kuwa suka samu a wahale, ƙari ma za a yi masa. Saboda haka daga yau zuwa Laraba, kowa ya koma yadda aka same shi."

Garin bai taɓa haɗa kai a kan wani aiki kamar wannan ba. Maza suka hau rufi suna shimfiɗa tsohuwar ciyawa a kan sabon kwano. Tela ya cusa sabon keken ɗinkinsa cikin rumbu. Matar mai gyaran babur ta tono tsummokaran da ta riga ta mayar abin goge tukunya, ta sake sa wa 'ya'yanta, ta shafe su da toka. Har gasa aka shiga yi, ana leƙa gidan juna a ga wa ya fi iya talauci.

Ranar Lahadi Kawu ya shigo duba gidan su Maman Tsinke. Ya yaba da rufin, ya ce awakin a kai su ɗakin surukarta a rufe. Sai idonsa ya faɗa kan Tsinke tana zaune tana ɓare ƙwai.

"To, ga matsalar gidan nan. Dubi kumatu, don Allah! 'Yar nan, ki janye ƙwan nan na kwana uku, ki rage mata hannu a abinci. Ta ɗan faɗa kaɗan."

"Kawu, rufi na yarda, awaki na yarda. Cikin 'yata kuwa babu mai taɓa shi."

"Kwana uku fa kawai, don amfaninta."

"Ko wuni ɗaya. Ni na kwana da ita a asibiti bara, ba na jin na ga Kawu a wajen."

Ta dubi mijinta. Shi kuwa ya duƙufa gyaran ƙotar fartanyar da babu abin da ya same ta. A ƙarshe ta yarda a ɓoye yarinyar tare da awakin, a ce ta tafi wajen dangi. Ba don ta gamsu ba, sai don tsoro: in kuɗin nan suka tsaya, ta san hanyar asibitin, kuma ba ta son sake taka ta.

Laraba ta zo. Jami'ar ta sauka daga mota da sikeli da babbar waya, ta fara zagaye. Sai bayan azahar ta iso gidansu, ƙafafunta sun yi futu-futu. Maman Tsinke ta ba ta kujerar da ta fi kowace karyewa. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa, ya sa riga mai huda uku, biyu daga ciki da almakashi ya yi su.

"Me kika yi da kuɗin da kike samu?" jami'ar ta tambaya.

"Sun bi iska, Malama," Kawu ya amsa.

"Baba, ita nake tambaya. Kina da dabbobi?"

"Ko ɓera ba ya kwana a gidan nan," in ji Kawu.

Daga ɗakin surukar aka ji wani kuka ya taso aka danne shi. Kawu ya ce tsohuwa ce ke fama da tari.

Jami'ar ta kifa wayar a cinyarta, ta murza ido. "Gida na talatin da ɗaya ke nan. Kowa babu, kowa ya fi bara lalacewa. Ban taɓa ganin garin da kuɗi suka yi wa illa haka ba."

Maman Tsinke ta ce: "Malama, ke nan za a ƙara mana?"

"Ƙari? 'Yar'uwa, ba wanda ya aiko ni in soke sunan kowa. Masu ba da kuɗin so suke su ga ko abin yana aiki kafin su ɗora shekara ta biyu. In na kai musu cewa babu abin da ya canza, tallafin garin nan gaba ɗaya za su rufe."

Maman Tsinke ba ta ko dubi Kawu ba. Ta miƙe, ta zare sakatar ɗakin surukarta. Awaki biyu suka fito a guje, ɗaya mai yankakken kunne da ɗankwalin tsohuwar a bakinta. Tsohuwar ta biyo su tana tsine wa duk wanda ya kawo shawarar. Daga baya Tsinke ta fito, tana riƙe da ƙwai, kumatu cike. Uwar ta ɗauki manjagara ta yaye ciyawar rufin, kwano ya haska har sai da jami'ar ta kare ido.

"Malama, rubuta. Wannan nawa ne, waɗannan nawa ne, wannan kuma ki ɗora ta a sikelin ki gwada da na bara."

Kafin jami'ar ta gama awo, Kawu ya ɓace. Ba a jima ba aka ji muryarsa a titi yana shela: "Ku fito da kaya! An canza tsari!"

Abin da ya biyo baya ya fi na safe muni. Waɗanda suka aika dabbobinsu ƙauyen gaba don ɓoyewa suka rasa abin nunawa, sai aka shiga aro. Keken tela ya riƙa yawo a kan mutane ta bayan gida, yana riga jami'ar isa. Wani dattijo da bai taɓa zura zare a allura ba ya zauna a gabansa, ya juya shi baibai, yana murmushi. Akuyar Maman Tsinke mai yankakken kunne kuwa, ana ta miƙa ta ta kan katanga har ta daina kuka.

Da yamma Maman Tsinke ta bi jami'ar har mota, da 'yarta a kafaɗa.

"Malama, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Zai ci gaba?"

"Abin da na gani zan rubuta. Na ga akuya ɗaya a gida tara. Na ga kwanon da ba a iya aronsa, na kuma auna yara, ko da toka a jikinsu sikeli bai ruɗe ba. Sauran ba a hannuna yake ba."

Kwana goma sha biyu Maman Tsinke ta yi tana duba waya, har a bakin rijiya. Ba ta rage wa yarinyar komai ba, nata abincin ta rage. Ranar ɗaya ga wata da hantsi wayar ta yi ƙara, sai ta maƙwabciya ta amsa, sai ta gaba. An ɗora shekara ta biyu.

Kafin azahar Kawu ya sake tara jama'a a gaban shagon tela, yana bayyana cewa dama haka ya tsara: a fara ba su tausayi, sannan a ba su mamaki. Ya ce zuwa na gaba rabin gari za su ɓoye, rabi su nuna, shi zai raba. Mutane suna gyaɗa kai, har da mijin Maman Tsinke.

Ta ratsa ta tsakiyarsu ta kama hannun mijin. "Taso. Akwai sauran ciyawa a bayan rufin, ruwa na tafe, kwanon zai yi tsatsa. Kai ka ɗora ta, kai za ka sauke."