Karfasar Malam Isyaku

"Ba dannawa za ki yi ba, Yelwa. Sakwara kike kirɓawa?"

Yelwa ta ɗage hannu daga kan takardar, ta harari tsohon da ke jingine da bangon zaurensa. Malam Isyaku ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci a Wudil, har hannu ya fara rawa, buroshi ya ƙi shi. Sai ya ɓullo da abin da unguwa ke yi wa dariya: ya shafa wa ɗanyen kifi tawada, ya ɗora takarda, ya ɗago surarsa. Takardun ma fastocin 'yan takara ne da aka gama yayinsu tun da soja suka miƙa mulki; bayansu yake mora.

Ita maƙwabciyarsa ce, mai suyar kifi a bakin gada. Duk karfasar da ta kawo masa, rawar hannu ke dagula hoton. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, guda ɗaya tak yake so ta fito sosai kafin ya tafi.

"Malam, ka ɓata min kifi, ka kuma zage ni?"

"Ki wanke ki soya. Masu saye ba sa tambaya."

Ta ɗauko wata fastar, ta ɗora a kan kifin, fuskar ɗan takarar na kallon sama.

"Shafa za ki yi," in ji shi, murya can ƙasa. "Kamar kina lallashin jariri."

Ta bi bayan kifin da tafin hannu a hankali, daga kai zuwa wutsiya, ba ta ko numfashi. Da ta ɗago takardar, sai ga karfasa da ɓawonta ɗaya bayan ɗaya, kamar yanzu ta fito daga kogi. Gurbin idon kawai ya rage fari.

Ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa.

"Miƙo tsinke in sa mata ido."

Ta tsoma tsinken a tawada ta sa masa a hannu, ta riƙe wuyan hannun don kada ya yi rawa. Ɗigo ɗaya ya yi.

Washegari da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Da yamma Yelwa ta zauna gaban kaskonta, mai yana tafasa. Ta ɗauki karfasa ta farko, ta juya ta a tafin hannu, ta daɗe ba ta jefa ba.