Rariyar Fari

Baba yana juya ruwan shafe, wanda ake tsoma kwanuka a ciki kafin a gasa su, a cikin bokiti, hannunsa ya nutse har gwiwa, Auta na tsaye a kansa riƙe da sikeli kamar ta san yadda ake amfani da shi. Ita ma'aikaciyar ofis ce, hutu ta ɗauka ta zo taya mahaifinta wannan gashin, don shi ne zai raba gardama. Likita ya ce jijiyar idon Baba tana mutuwa, ba aiki, ba magani. Yayanta kuma ya kafe a rufe ɗakin tangaran, Baba ya koma gidan Yayan ya huta. Baba ya roƙi abu ɗaya: a bar shi ya gasa fararen kwanukansa sau ɗaya. In farin ya fito tas, a ƙyale shi da sana'arsa. In ya ɓaci, zai bi Yaya ba musu.

Da farin nan masu saye suka san shi. Ba ya sheƙi ko kaɗan, in ka shafa sai ka ji kamar ɓawon ƙwai. Haɗin ruwan shafen farin yumɓu ne da garin dutse da alli, sai wata hoda da ke rufe launin kwanon. Wahalar abin ita ce, kafin wuta duk ruwan shafe toka-toka ne, ba mai iya rantsuwa a kan abin da zai fito sai an buɗe tanderu.

"In miƙo maka rariya, Baba?"

"Ke dai riƙe sikelinki, 'yar boko. Ɗakina ne."

Ya kai hannu bango ba tare da ya ɗaga kai ba, ya zaro rariya daga ƙusa ta farko. Haka yake aiki tun da ganinsa ya fara dishi-dishi: komai da wurinsa, hannu ya haddace. Ba ya yarda a riƙe shi, ba ya yarda a ce masa ga dutse a gabanka. Auta ta ji daɗi a ranta, don jiya da ta iso ta tarar da ɗakin kamar an yi dambe a ciki, ta bari ya kwanta barcin rana, ta sauke komai, ta goge bango, ta mayar. Bai ma lura ba.

Ya tace ruwan har ya yi sumul. Ya tsoma yatsa, ya murza, ya ce kaurin ya yi. Suka yi ta tsoma kwanuka da kofuna, tana goge gindin kowanne da soso yadda ya nuna mata, don kada su manne a tanderu. Da suka bushe shi ya jera su da kansa, ya kunna gas, ya zauna a gefe yana sauraren wutar. A da launin wuta yake leƙawa ta 'yar kafa, yanzu sai dai ya tambaye ta.

"Ja ce ko ta fara komawa ruwan ɗorawa?"

"Kamar... tsakani, Baba."

"Tsakani! Wannan karatu naki asara ne."

Ta yi dariya, amma ba har zuci ba. Ta san in aka raba mutumin nan da ɗakin nan, zama zai yi a falon Yaya yana jin ƙarar talabijin har ransa ya fita.

Ranar da tanderu ya huce, Yaya ya zo da safe, makullin mota a hannu, ko zama bai yi ba. Baba ya buɗe ƙofar, ya zaro kwano na farko, ya shafa ciki da waje da babban yatsa. Fuskarsa ta washe.

"Kun ji? Ku taɓa ku ji! Wane ne ya ce na gama?"

Ba wanda ya miƙa hannu. Kwanon ya yi taushin da ake so, amma daga baki har gindi ɗigo-ɗigon shuɗi ne, wani wuri ma ya malalo. Auta ta leƙa cikin tanderun. Duka haka suke.

"Kun yi shiru," in ji Baba. Murmushin ya fara tsinkewa.

Yaya ya yi gyaran murya. "Baba, shuɗi ne a jiki. Ko'ina."

Baba ya ajiye kwanon. Can ya juya, ya laluba bango, ya sauko da rariyar ƙusa ta farko, ya bi bakinta da yatsa a hankali.

"Wannan ta shuɗi ce," ya ce. "Tana da tsaga a baki. Wurinta ƙusa ta biyu."

Sai a lokacin Auta ta kalli rariyar da kyau. Baƙin garin shuɗi ya maƙale a gefen ragar, shi kuwa ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya rina bokiti guda.

"Ni ce, Baba! Ni na sauke su na goge bango, na mayar ba daidai ba. Yaya, wallahi laifina ne. A sake wani gashin, wannan ba ya cikin lissafi."

"Auta, don Allah," in ji Yaya a gajiye. "Kare shi da kike yi ba gata ba ne. Wuta fa yake wasa da ita."

"Na rantse maka..."

"Gaskiya ta faɗa," Baba ya katse ta. Ta juyo da sauri, tana ganin an tsira. Ya ɗaga rariyar daf da fuskarsa, ya juya ta wajen hasken taga, ya sake juyawa. "Amma baƙin nan a fili yake, ko ba haka ba? A hannuna ta wuni. Mai ido ba ya tace fari da wannan."

"Baba, sau ɗaya kawai..."

"Yau rariya ce. Gobe gas ne."

Ya ajiye ta a kan tebur. Auta ta fashe da kuka, irin kukan da ba ya rage komai, don ta ga ba fushi yake da ita ba, ita kuwa da fushin ya yi da ya fi mata sauƙi. Yaya ya fita ya tayar da mota. Baba ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya tako har kusa da ƙofa, sai ya tsaya. Ya miƙa hannu gefe, cikin iska.

"Zo ki kama ni," ya ce. "Ban san inda dakalin yake ba."