Katin Mutum Huɗu

Ruwa kawai aka ce ta kawo wa baƙo. Amma da Tsinke ta durƙusa ta miƙa kofin, wakilin kamfanin inshorar bai dubi kofin ba, idanunta ya duba. Farin idon ya rine ya koma rawaya. Ya dubi siraran hannayenta, ya dubi uwarta, sannan ya mayar wa bironsa murfi a hankali.

Uwar ta san wannan kallon, ta sha ganinsa a fuskar malaman asibiti. Nan da nan ta ƙirƙiro aike, ta ce yarinyar ta je shagon bakin titi ta sayo sabulu, alhali akwai sabulu a gidan.

Har zuwa lokacin komai lafiya lau yake tafiya. Wakilin ya baje musu tsari uku a kan ɗan teburin tsakar ɗaki. Na farko ko tambayar kuɗinsa maigidan bai yi ba, mai walda ne, ya san iyakar aljihunsa. Na biyu ya ji, ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Na ukun ne daidai ruwa daidai tsaki, kuma a cikinsa akwai haihuwa har da tiyata. Abin da ya sa suka kira mutumin ke nan. Cikin matar ya tsufa, likita kuma ya ce wannan ma sai an yi mata aiki kamar na haihuwar Auta, ƙaramin ɗansu. Aikin Auta shi ya cinye injin waldar maigidan, har yau na haya yake ɗauka.

“Sikila ce?” in ji wakilin, bayan ƙofar ta rufe.

Bai jira amsa ba. Ya ce tsari na uku ba ya karɓar mai ciwon da aka haife shi da shi. In aka sa sunanta, gidan gaba ɗaya zai koma tsarin farko. In kuma aka sa ta aka ɓoye ciwon, ranar da aka fara kwantar da ita za a gane, a soke katin kowa, ko da uwar tana kan gadon tiyata. Ya faɗi wannan duka da murya mai taushi, kamar mai ba da labarin farashin taya.

Uwar ta ce to ai Tsinke ce mai zuwa asibitin. Su sauran in ban da mura me suke yi? Wace irin lema ce wannan, da za a ba wanda ke cikin ɗaki a hana wanda ruwa ke duka?

Wakilin ya sosa ƙeya. Ya ce wallahi ba shi ya kafa dokar ba, shi ma ɗan aike ne, kuma yana da ’ya’ya. Sai ya rage murya.

“Akwai hanya ɗaya. Zan tambaye ku ’ya’yanku nawa. Abin da kuka faɗa shi zan rubuta. Ni ban ga kowa ba.”

* * *

A kicin suka tsaya, uwar da mijinta, tsakanin risho da bokitin wanke-wanke, wurin da mutum biyu ba sa juyawa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Ta cikin labule suna jin wakilin yana wasa da mukullin babur ɗinsa. Ya riga ya gaya musu rangwamen ranar zai ƙare, kuma akwai gidajen da ke jiransa.

Ta ce ba za ta iya ba. Yarinyar da ta goya a asibiti dare da rana, wadda in ciwon ya tashi take murƙususu tana cewa a cire mata ƙafar ta huta, ita za a ce babu? Gara ta haihu a gida, abin da Allah ya yi shi ke nan.

Maigidan ya dafe bango da hannunsa mai tabon ƙuna. Ba mai yawan magana ba ne, ranar ma da ƙyar kalmomin ke fita. Ya ce ta tuna abin da likita ya faɗa. In ta haihu a gida ta tafi, wa zai zauna da Tsinken a asibiti? Shi da ke fita tun safe? Ya ce in katin ya ɗauke musu nauyin haihuwa, abin da ya samu sai ya tara saboda yarinyar, yadda suka saba.

“Yadda muka saba?” Ta dube shi ido cikin ido. “Baban yara, wancan karon sai da ta kwana a benci kafin ka haɗo kuɗin jini.”

Bai musa ba. Da ya yi faɗa ma da ta samu abin kamawa, sai kawai ya sunkuyar da kai, ta ga furfurar da ta fito masa a ƙeya wadda ba ta lura da ita ba sai ranar. Haushi ya cika ta, na kamfanin, na mijin, na kanta, har da na abin da ke cikinta, wanda ya zaɓi daidai lokacin ya shure ta a ƙarƙashin haƙarƙari. Ta dafe wurin. Tsoro ne ya kama ta, ba na komai ba sai na mutuwa ta bar su.

Suka koma ɗaki. Wakilin ya cire murfin biro.

“’Ya’ya nawa?”

Maigidan ya zuba wa siminti ido, ya bar ta da tambayar.

“Biyu,” ta ce.

* * *

Saura hoto. Wakilin ya ɗaga wayarsa ya dubi bangon ɗakin, ya ce ba zai yi ba, fentin duk ya ɓare, kamfani kuma farin baya yake so. Uwar ta ciro farin zanen gado daga ƙasan akwati. Aka nemi ƙusar da za a rataya shi, gidan mai walda guda, aka rasa.

Ana cikin haka Tsinke ta dawo. Ashe ƙaninta, wanda suke kira Sarkin Ci, ya tare ta a ƙofa ya ce mata hoto za a yi na katin asibiti. Ta ajiye sabulun, ta faɗa ɗakin kwana, ta fito sanye da rigarta mai kyau, har da hoda a fuska. Auta ya ce ta zama aljana, ta kai masa duka tana dariya. Da ta ga ana ta juya zane ba a san yadda za a yi ba, ta ce a ba ta, ai ta fi yaran tsawo.

Uwar ta sakar mata zanen.

Yarinyar ta hau kujera ’yar tsugunno, ta ware hannuwa, zanen ya sauko ya rufe ta tun daga kai har ƙafa. Aka ɗauki uban. Aka ɗauki Sarkin Ci, wanda sai da aka maimaita saboda ya ƙi daina gwalo. Aka ɗauki Auta. Zanen ya fara rawa, don hannuwan nan ba sa jure ɗagawa, uwar ta fi kowa sani.

Ta zo ta tsaya da cikinta a gaba. Tana jin numfashin ’yarta a bayan wuyanta ta cikin zanen.

“’Yammata, ɗan janye yatsunki,” in ji wakilin. “Suna fitowa a hoton.”

Yatsun suka zame baya, suka ɓace. Ya ce wa uwar ta saki fuska, ta ɗago kai. Wayar ta yi ƙara. Ya duba, ya ce ya yi kyau, katin zai fito kafin ta haihu in Allah ya so. Ya fara tattara takardunsa.

Daga bayan zanen muryar ta fito, tana haki kaɗan-kaɗan.

“Umma, saura ni. Wa zai riƙe mini?”

Wakilin ya ja zif ɗin jakarsa. Maigidan ya ce bari ya taka wa baƙo, ya bi shi waje ko takalmi bai sa ba. Yaran suka ruga kallon babur.

Uwar na tsaye inda aka ɗauke ta, ta kasa waiwayawa. A bayanta zanen na nan a ɗage yana karkarwa, don ba wanda ya ce wa yarinyar ta sauke.