Malam Barau a Garin Anjima

Jiya da rana tsaka Malam Barau ya yi wani mafarki, a zaune ma ya yi shi, hannunsa a kan kwamfuta. Kuma ba ranar barci ba ce. Matarsa Hajiya Lanti tana kwance a wani asibiti a Alƙahira tare da autarsu Saude, za a yi mata aiki a ciki da la'asar, abu ɗaya kuma ta roƙa: ta ga fuskarsa ta kiran bidiyo kafin a shiga da ita. Tun da safe maƙwabcinsa Sallau ya miƙo masa babbar wayarsa, Malam ya ce Allah ya sawwaƙe ya kalli iyalinsa a wayar wani ƙato. Ai yana da kwamfuta.

Kwamfutar kuwa a gwanjon sakatariya ya same ta, shekarar da ya yi ritaya daga aikin akawu. Shekara da shekaru wani ɗan akwati yana fitowa a fuskarta yana tambaya: a sabunta babbar manhaja yanzu, ko anjima? Malam bai taɓa wahalar da kansa wajen zaɓe ba. Anjima. To jiya ya danna manhajar kira, ta leƙo, ta ɓace. Ya sake dannawa, ta leƙo, ta ɓace. Ya kashe ya kunna, ya hure bayan na'urar, ya juyo mata fanka, har ɗan mari ya kai mata a gefe. Yana cikin kallon ɗan zoben jiran nan mai juyawa a fuskar kwamfutar, barci ya yi awon gaba da shi.

Sai ga shi a tasha. Wata agwagwa sanye da rigar 'yan kamasho tana kiran lodi.

"Anjima! Anjima! Saura mutum ɗaya!"

"Yaushe motar za ta tashi?" in ji Malam.

"Ai ta iso, Alhaji. Sauka."

Ya sauka daga motar da bai shiga ba.

Garin Anjima gari ne mai natsuwa. Rana ta tsaya gab da la'asar, an tokare ta da gora don kada ta faɗi. Mai shayi ya ɗaga kofi yana sheƙawa, shayin ya tsaya a iska har gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa. Kowa a garin ya san Malam. Indararon gidansa da ya karye tun wata damina ya wuce a kan keke, ya ɗaga masa hannu. Haƙorin nan nasa da likita ya ce a cire yana zaune a gindin darbejiya yana sayar da rake.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa," in ji haƙorin. "Rabin unguwar nan kai ka turo mu. Ba za ka ɗan taɓa ba?"

Malam ba shi da lokacin haƙori. Ya ce manhajar kira yake nema, aka nuna masa wani lungu.

Gidaje ne a jere, kowanne da labule a ƙofa. Ya tsaya a ƙofar na ƙarshe ya yi sallama sau biyu da sauri, yadda ya saba dannawa. Wata mata ta ɗaga labule, ta dube shi sama da ƙasa, ta saki. Ya sake sallama, ta sake ɗagawa, ta sake saki.

"Baiwar Allah, matata ce za a yi wa aiki," in ji Malam.

"Allah ya ba ta lafiya," aka amsa daga bayan labule. "Ni ba da kai nake ba. Na dai rantse ba na fitowa muddin wancan ne mai unguwa."

Mai unguwar yana kan dakali, tsoho tukuf, fanka tana kuka a ƙirjinsa. Shi ne babbar manhaja, duk gidajen lungun a ƙarƙashinsa suke. Malam ya durƙusa.

"Baba, ina wuni? Me ya haɗa ka da matar nan?"

Ɗan zobe ya yi ta juyawa a goshin tsohon. Can da daɗewa ya ce, "Lafiya lau muka kwana."

"Ka ji ko?" in ji matar. "Gaisuwar bara yake amsawa. Kowa a lungun nan ya canja harshe, shi yana nan inda ka ajiye shi."

Ofishin gyara a cikin rijiya yake, amma hawa ake yi a shiga. Hawainiya ce shugaba. Tana tafiya a kan wani koren layi, taku biyu gaba, ɗaya baya, kuma ba ta sauraron kowa sai ta kai ƙarshensa. Aka ce Malam ya zauna. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ce wa jama'a su dawo gobe, sai jiya ya san cewa bencin ofis yana da tauri.

"Ka kashe ka kunna?" in ji hawainiya da ta ga dama.

"Na yi, ranki ya daɗe."

"Kai fa, an kashe ka an kunna?"

Wasu zabi biyu suka riƙe shi, suka murɗa masa kunnen hagu, duniya ta yi baƙi. Suka sake murɗawa, ya dawo. Ba abin da ya canja, sai dai hularsa ta koma kan gwiwa.

"To ba kai ne matsalar ba," in ji hawainiya. "Ko kuma kai ne, amma ba sashenmu ba ne."

Aka yi shawara a yaudari matar. Aka shafa wa mai unguwa baƙin rini a gemu, aka sa masa ɗamammen wando da tabarau irin na samari, zabi suka tallabe shi har ƙofarta. Ta leƙo, ta ce masa wace shekara ake ciki. Tsohon ya gyara murya, ya faɗi shekarar da Malam ya yi ritaya. Labule ya koma. Sai aka rushe gidan gaba ɗaya, aka sake gina shi, aka kawo sabuwar mata. Wannan ta fi ta farko girman kai, don ko leƙowa ba ta yi ba.

"Saura ka bi layi," in ji hawainiya. "Yana bayan ofis."

Mata ne zaune a kan dogon benci, kuma dukansu Lanti ne. Ga Lanti mai goyon Saude, ga Lanti ta shekarar da suka tare a sabon gida, ga ta bara mai furfura a gefen ɗankwali. Kowacce ta dafe cikinta ta dama. Ya gane su ɗaya bayan ɗaya, ya tuna abin da kowacce ta ce masa: Malam, cikin nan fa, ko za mu je a duba? Ya kuma tuna amsar da ya ba kowacce, kunnensa a jikin rediyo.

Ba wadda ta harare shi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Mai goyon ma matsawa ta yi ta ba shi wuri.

"Zauna, Malam. Ka ci abinci kuwa?"

Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya. Ya kwasa da gudu ya koma ofis, hula tana faɗuwa daga gwiwarsa.

"Yanzu! A sabunta yanzu! Wallahi na yarda!"

Hawainiya ta juyo masa da ido ɗaya, ɗayan yana kallon bango.

"Motar Yanzu ta daina biyowa ta nan, Alhaji. Ta daɗe tana tsayawa a ƙofar gidanka tana hon. Irin mai unguwarku kuwa an daina yi masa magani."

A waje, wani ya zo wucewa ya zare gorar da ta tokare rana.

Ƙaramar wayarsa ce ta tashe shi, tana ta kakkarwa a kan farantin da ya ci tuwo. Inuwa ta riga ta cinye tsakar gida. Ya laluba ya ɗauka.

"Baba, ina ta kira ba ka ɗauka," in ji Saude. "Mun jira har likita ya fara faɗa. Yanzu aka shiga da ita."

Da ƙyar ya ce, "Ta ce wani abu?"

"Ta ce kada a matsa maka, ta san kana ƙoƙari. Ta ce a ce maka sai anjima."