Hannun Tatsar Shatu

"Wannan na farkon dai, Rahamatu, wasa ne. Mai Sistar asibitin take shafa mini, ta ɗauko wani ƙarfe mai kai kamar gindin ludayi, ta yi ta zagaya shi a gwiwar hannu. Ba zafi, ba sanyi, ba ƙara. Wai magani ke nan."

"To ke me kike so, Adda Shatu? A kafa miki ƙaho?" in ji Rahamatu, tana mulmula fura a cikin gari. "Ku Fulani in abu bai fitar muku da jini ba, ba ku san an yi muku aiki ba."

"Ku Barebari kuwa ko sauro ya cije ku sai unguwa ta ji."

"Mu dai muna faɗa, a ba mu magani mu warke. Ci gaba, na biyun fa?"

Shatu ta dubi hannunta na dama da ke kwance a cinyarta. "Na biyun da ɗan dama. Shi yana cizo."

Shatu mutuniyar wata ruga ce a bayan garin Gwiwa. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune ne da ɗanta na fari, Halliru, da matarsa Fatu. Farkon damina wani bijimi ya matse ta da dutse a bakin rijiya, damtsenta na dama ya karye. Mai ɗori ya ɗaure shi da kara da tsumma, ƙashi kuwa ya haɗu, alhamdu lillahi. Amma da aka kwance, sai ga hannu ya langaɓe daga wuyansa kamar ganyen da rana ta buga. Ba ya ɗaguwa. Matar da take tatsar saniya goma sha biyu kafin rana ta fito, ga ta ko hantsar ɗaya ba ta iya kamawa.

Da aka yanke gero, Halliru ya sa ta a mota ya kawo ta Kazaure, ya sauke ta gidan Rahamatu mai fura, wadda ta shekara ashirin tana sayen nononta. Shekarar nan ce aka ba ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, gari ya cika da sababbin babura, asibiti kuma ta sami wasu injuna na gashin ƙashi da jijiya. Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ce da Rahamatu, ba da uwarsa ba, "In shanu sun cinye karan gonaki za mu gangara kudu. Bana nesa za mu, sai damina ta sauka. In hannun ya tashi, zan zo in ɗauke ta."

Shatu tana ji daga cikin ɗaki. Ba ta fito ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma duban fuskarsa a gaban mutane.

Mai aikin injunan wata Sista Dorkas ce, doguwar yarinya daga wajen Pankshin, mai Hausar mutanen Jos. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, da gado ɗaya da benci. Kullum da safe, in an ta da injin wuta, takan fara da mai ƙarfen nan. Ta ce sauti ne yake shiga cikin nama, wanda kunne ba ya ji, yana sassauta gwiwar da ta sandare. Shatu ta ce to, amma a ranta ta ce abin da kunne ba ya ji, yaya za a yi hannu ya ji?

Sai na biyun. Dorkas takan jiƙa ƙyalle biyu da ruwan gishiri, ta ɗaura ɗaya a damtse, ɗaya a bayan hannu ƙasa da gwiwa, kowanne da waya. Ta riƙa murɗa wani ɗan maɓalli a hankali. Da farko kamar tururuwa na tafiya a fata. Can sai hannun ya zabura, yatsu su miƙe su kaɗai, su koma, su sake miƙewa. Ranar farko Shatu salati ta yi da ƙarfi.

"Mama, ki saurare ni," in ji Dorkas. "Ni ba na ganin cikin hannunki. Ke ce idona. In ya fara zafi, ki ce da zafi, in rage. Kin ji?"

"Na ji, 'yar nan."

"Yanzu fa?"

"Ba komai."

Ta ji ɗin, amma wannan magana ba ta da wurin zama a kanta. Shatu ta haifi 'ya'ya bakwai, duk ita kaɗai a bayan bukka, ba wanda ya ji ko nishinta. Ranar da bijimin ya karya ta, da ƙafarta ta dawo gida, ta ma tsaya ta ɗauki ƙwaryarta da hagu. Tun tana yarinya uwarta ta gaya mata mace ba ta cewa wash a gaban baƙo. Yanzu a ce ta buɗe baki ta ce wa sa'ar 'yar cikinta da zafi, saboda ɗan ƙyalle? Bayan haka ma, duk maganin da ta sani a duniya, wanda ya fi ɗaci shi ya fi aiki.

Zaman gari ne ya fi cin ta. Rahamatu ba ta rage ta da komai ba, amma Rahamatu tun hantsi take tafiya tasha da ƙwaryar fura, sai la'asar. Shatu takan tashi da asuba ta yi alwala da hagu, ta yi salla, sai jikinta ya miƙe da kansa zai nufi garke. Ba garke. Katanga ce, da turmi, da kaji uku. Ta koma ta zauna. In aka kawo tuwo sai ta shige ɗaki ta saki labule, don kada a ga tana kai loma da hagu. Ta yi bisimilla, ta nemi gafarar Ubangiji, ta ci kaɗan ta rufe. Ta gwada dama fura, ludayi ya suɓuce. Ta gwada tsintsiya, ita ma haka. Sai ta riƙa zama a inuwar ɗaki tana jan carbi, tana jin babura suna wucewa a bayan gida, ba wanda zai tsaya saboda ita.

Mako huɗu ana haka. Gwiwar ta saki, har tana iya kai hannun ga bakinta in ta tallafe shi. Amma wuyan hannun bai tashi ba sai in an sa masa wuta.

Ran kasuwa wata mai tallan nono daga wajen Gwiwa ta biyo ta gidan ta sha ruwa. Ta ce kara ya ƙare da wuri bana, Fatu har ta fara ɗaure ƙore. Kwana goma suka rage su tashi.

Washegari Shatu ta riga kowa zuwa asibiti. Dorkas ta gama da mai ƙarfen, ta ɗaura ƙyallayen, ta fara murɗawa. Yatsu suka miƙe.

"Ya isa haka, Mama?"

"Ban ji komai ba yau."

"Kai, ai ga shi yana motsi."

"Motsi yake, amma ban ji ba. Ƙara."

Dorkas ta dube ta. Fuskar nan lumus, kamar mai sauraren wa'azi. Ta san hannun da jijiyarsa ta taɓu wani lokaci ba ya ji sosai, sai ta ƙara kaɗan.

"Yanzu fa?"

"Ƙara dai."

Abin ya tashi daga tururuwa ya koma kunama. Daga nan ya koma kamar an ɗora mata garwashi an danne. Shatu ta kafa ido a kan wata ƙusa da ke bango, tana karanta Ƙulhuwallahu a zuci, in ta kai ƙarshe ta sake. Gumi ya bi ta bayan kunnenta ya shige cikin mayafi. A ranta tana cewa yau kam aiki yake, wannan na kwana uku ne a haɗe. Dorkas ta juya tana wanke ƙarfen a kwano, tana ba ta labarin yadda sanyin garinsu yake daskarar da man gyaɗa. Shatu har da cewa ikon Allah.

Da lokaci ya cika, Dorkas ta kashe, ta kwance ƙyallen ƙasa. Fatar wurin ta yi fari fat, faɗin kwabo, gefenta ja.

"Mama! Kin ji wannan?"

Shatu ta mai da idonta kan ƙusar bango.

"Na tambaye ki sau biyu. Sau biyu, Mama! Kin ji ko ba ki ji ba?"

"An ɗan ji."

"An ɗan ji!" Dorkas ta zauna a kan benci, ta dafe kai. "Shekarata shida ina wannan aiki, ban taɓa ƙona mutum ba. Don me kika yi mini haka?"

"Ba ke kika yi ba, 'yar nan. Ni na ce ki ƙara. Sauri nake."

"Saurin me? Wutar nan ba ta jan jijiya. Jijiya da kanta take tsirowa, daga inda ta ji ciwo, kullum ɗan kaɗan, kamar saiwa. Wutar tana riƙe naman hannun ne kawai kada ya bushe kafin ta iso. Ko na murɗa har ƙarshe, kwana ɗaya ba zai ragu ba."

Shatu ta dubi farin tabon. "Ba ki gaya mini haka ba."

"Na gaya miki ranar farko. Kika ce to."

Gaskiya ne, ta ce to.

Dorkas ta wanke wurin, ta sa magani, ta naɗe da bandeji. Ta ce ba za a sake sa wuta ba sai ya warke, mako uku ko fi, don daidai nan ne naman yake amsawa. Kafin nan sai dai tausa da motsa yatsu.

Rahamatu da ta ji, ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, ta ga fuskar Shatu, sai ta fasa. Ta dama mata fura da nono mai yawa. Shatu ta kurɓa ta san nonon ba na rugarsu ba ne, an ma sa masa ruwa. Ta ajiye.

Halliru ya zo ran Laraba da hantsi, da sandarsa da malafa. Rahamatu ta raka shi asibiti don ya ji daga bakin Sista. Shatu tana zaune a gado, ta juya fuska wajen taga. Dorkas ba ta ce laifin kowa ba ne. Ta ce ƙuna ce, za ta warke. Ta ce hannun zai tashi da yardar Allah, amma yana son wata uku ko huɗu nan gaba, kullum. In aka tafi da ita yanzu, zai ƙanƙance a haka, shi ke nan.

"To," in ji Halliru. Ya daɗe yana duban ƙasa. "To, ta zauna."

Suka dawo gida. Ya sauke buhun gero da ɗan tulun man shanu a tsakar gida. Shatu ta shige ɗaki, shi kuma ya tsuguna a bakin ƙofa, labule a tsakaninsu. Rahamatu ta ja turmi gefe ta zauna, wai tana tsince gero.

"Inna, jibi za mu tashi."

"Allah Ya kiyaye hanya."

"Amin. Fatu tana gaisuwa. Yara ma."

"Ina amsawa. Wa ke tatsa?"

"Fatu. Da Tasalla, matar Hamma na rugarmu, tana taimaka mata."

"Tasalla tana ja da ƙarfi. A gaya mata ta bar wa 'yan maruƙa."

"Za a gaya mata."

Wani babur ya wuce a bayan katanga, kajin suka watse suka dawo. Shatu tana ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule, duk faso, igiyar takalmin hagu ta kusa tsinkewa. Tana so ta ce a gyara ta kafin a kama hanya, ba ta ce ba. Ta lissafa watannin a yatsun hagu. Sanyi, bazara, sai ruwan farko. Katangar nan, da turmin nan, da kajin nan.

Halliru ya gyara tsugunno, ya ɗauki sandarsa. "To, Inna, rana na yi."

Shatu ta ɗaga murya kaɗan, ba wajensa ta nufa ba.

"Rahamatu."

"Na'am, Adda."

"Ki tambayi mai shanun nan. Akwai wata tsohuwar saniya, ja mai karyayyen ƙaho, ba ta da saurin tafiya, za ta ma ba su wahala a hanya. Ba ta harbi. In 'yar nan ta asibiti ta ce yatsun sun fara kamawa, ina son abin da zan gwada a kai." Ta gyara zama. "Na san gidan ba fili. Na san rani ne, harawa tsada. Zan riƙa fita ina yi mata yayin ciyawa da hagu."

Rahamatu ta daina tsintar gero. Ta dubi tsakar gidanta, daga turmi zuwa katanga, ta dubi Halliru. Shi kuwa yana tsaye da sanda a kafaɗa, idonsa a kan labulen.

"Ita ɗaya kawai," in ji Shatu. "Ko za a bar mini ita?"