Inda Ruwan Lagdo Ya Tsaya

Mama Bakatsine, mai fataucin kanwa, shi ne ya fara kafa bukka a wurin da aka kira Wuro Mama, a zamanin da Jamus ke riƙe da Garwa. Wannan magana ba ta da shakka, domin daga bakin kakana na ji ta, shi kuwa ya taɓa haɗa ayari da Mama zuwa Banyo. Ita nake maimaita wa abokin hirata Barthélemy a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidana, yana gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya haddace, sai ga Kaltouma ta fito daga gidansu, mayafi a hannu.

"Baba Alhaji, ya sake tashi. Yana zaure, wai a kawo masa takalmi."

Mahaifinta take nufi, Bobbo tela, maƙwabcina tun shekarar da aka tare Binuwai a Lagdo, ruwa ya rufe Wuro Mama, mutanen garin suka watse. Ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu, asibiti sun sallame shi da magana mai laushi wadda kowa ya gane ma'anarta. Amma tun da aka dawo da shi gida bai yarda ya kwanta ba. A sa gadon a ɗaki, ya ce zafi. A fito da shi tsakar gida, ya ce haske. A mayar da shi zaure, ya miƙe ya dafa bango yana leƙen titi, kamar mai jiran mota. Watan Afrilu ne, zafin Garwa ya kai inda yakan kai, kowa a unguwa ransa a kusa yake.

Na same shi tsaye, numfashinsa yana fita da ƙyar. Na tambaye shi ina za shi. Ya ce bai sani ba, amma dai kwanciya ta gagare shi.

Ya kamata in faɗi wani abu game da Bobbo wanda duk unguwa ta sani. Fiye da shekara arba'in bai sa kifin Lagdo a bakinsa ba, a garin da kusan kowace tukunya ke dafa shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana goye, bai san fuskarta ba, kuma mahaifinsa, bisa kunyar mutanen dā, bai taɓa ambaton sunanta ba, balle ya nuna masa inda take kwance. Bobbo ya ɗauka tana cikin maƙabartar da ya sani a bayan garinsu, wadda yanzu ke ƙarƙashin tafki. Ya ce ba zai ci abin da ke yawo a kan uwarsa ba. Na sha tsokanarsa cewa wutar da ke juya keken ɗinkinsa daga ruwan nan take fitowa, yakan ce ai wuta ba ta shiga ciki. Muna dariya, amma na lura tun da ciwo ya tsananta, zancensa kullum a nan yake ƙarewa: yadda ƙasa ta jiƙe a kanta, yadda babu inda ɗa zai tsaya ya yi mata addu'a sai cikin kwalekwale.

Kaltouma malamar makaranta ce, ta daɗe tana son ta san asalinsu don 'ya'yanta. Ita ta roƙi Barthélemy ya nemo tsohuwar taswirar yankin. Shi Barthélemy mutumin duwatsun Mokolo ne, Kirista, ya yi aiki a ofishin awon ƙasa har ya yi ritaya, Hausarsa ta kasuwa ce, yana cike giɓinta da Faransanci. A ranar ne ya zo da ita a naɗe cikin bututun roba. Na ce a shimfiɗa ta gaban Bobbo, ko ya samu abin da zai zaunar da shi.

Muka baje ta a kan tabarma, muka danne kusurwoyinta da takalma da kofin shayi. Takarda ce da ta yi ja don tsufa, aikin Faransawa na farkon shekarun 1950, tun kogi yana tafiyarsa ba wanda ya tare shi. Barthélemy ya bi shuɗin layin Binuwai da yatsa, ya nuna mana siraran layuka masu zagaye da juna, ya ce su ne ke faɗin tudu da kwari: inda suka matsu, dutse ne. Sannan ya ɗora farcensa a kan wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a gindin wani dutse, nesa da kogi.

"Voilà. Wuro Mama."

Bobbo ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa takardar. Ya tambayi ina kogi, aka nuna masa. Ya tambayi nisan da ke tsakani, Barthélemy ya auna da tsinken tsintsiya, ya ce tafiya ce mai kyau a ƙafa. Sai Bobbo ya ture kofin shayin.

"Ƙarya ce. Garinmu a bakin ruwa yake. Daga ɗakinmu ana jin dorina tana huci. Dutse kuwa sai dai mu hango shi."

"Tela, Bafaranshe yana iya yin ƙarya a kan komai," in ji Barthélemy, "amma ba ya ɗauke dutse ya canja masa wuri."

Gardama ta yi zafi. Bobbo ya ce shi da aka haifa a garin ba za a koya masa garinsu da takarda ba. Barthélemy ya fara naɗe taswirarsa cikin fushi, yana cewa ya yi tafiya har Pitowa a kan moto, wato babur, wajen wani tsohon abokin aikinsa kafin ya samo ta. Kaltouma tana roƙon wannan, tana lallashin wancan.

Ni ban sa baki da wuri ba, domin ba ɗabi'ata ba ce in yi magana kafin in duba abin da aka taɓa yi. Da na duba, sai na tuna yadda kakana ke ba da labarin: cewa yake yi Mama ya ɗaure jakunansa a gindin dutse, kusa da wata kuka. Bai taɓa ambaton bakin kogi ba. Na ce su dakata. Na tuna musu abin da kowane dattijo a ƙasar nan ya sani, ko da matasa sun manta: a wurinmu suna na mutane ne, ba na ƙasa ba. Idan rijiya ta ƙafe, ko mace-mace suka yi yawa, gari yakan tashi da jauronsa, wato mai gari, da sunansa ya koma wani wuri, a bar kufai ba suna. Na kawo musu misalin garuruwa biyu a hanyar Tibati da suka yi haka a idon mahaifina. Na ce mai yiwuwa ne takarda ta yi gaskiya, Bobbo ma ya yi gaskiya.

Bobbo ya yi ta murza gefen tabarma da yatsunsa. Can ya ce goggonsa da ta raine shi tana da wani labari guda game da mahaifiyarsa, shi kaɗai take bayarwa. Wai ranar da Turawa suka zo da sanduna masu ja da fari suna leƙe ta cikin wani ƙarfe mai ƙafa uku, mata duk suka ɓuya, sai ita ta fita da shi a bayanta ta sayar musu da nono. A daminar wannan shekara zazzaɓi ya shiga gari, ya ɗauke ta tare da mutane da yawa.

Barthélemy ya sake warware taswirar a hankali. Ya ciro alƙalami, ya bi ɗaya daga cikin siraran layukan nan, ya ce ruwan tafki, ko a cikarsa, iyakarsa ke nan. Ɗige-ɗigen suna sama da layin.

"Kana nufin ba ta cikin ruwa?" in ji Bobbo.

"Ina nufin takarda ta ce haka. Sai an je an gani."

Daga nan rashin natsuwar Bobbo ya koma wani iri. Ya ce a nemo mota yanzu. Ya sa hula, ya cire, ya sake sawa. Ya yi taku kaɗan zuwa ƙofa, ƙafafun suka ƙi, muka tare shi ni da Barthélemy. Kowa ya ga cewa ko garin Ngong da ke kan hanya ba zai kai da rai ba, balle a sa shi a kwalekwale. Ɗansa namiji yana Douala, ni kuma gwiwoyina ba sa hawan dutse. Kaltouma ta ce ita za ta je.

Na ce mata, cikin ladabi amma ba tare da sassauci ba, cewa a gidajenmu ba a saba mace ta je maƙabarta ba, ban kuma san wadda ta taɓa yi ba.

"Baba Alhaji, kufai za ni. Duba takardar da kyau, ba inda aka rubuta maƙabarta."

Na duba, ba a rubuta ba. Na kuma tuna cewa matar Mama da kanta, bisa faɗar kakana, ta riga kowace mace taka wannan wuri, ba wanda ya hana ta. Na ga wannan ya isa hujja.

Washegari da sassafe suka kama hanya ita da Barthélemy, ni na zauna da Bobbo. Ban taɓa ganin yini mai tsawo irin wannan ba. Ya hana a rufe ƙofar zaure. Duk moto da ta wuce sai ya ɗaga kai, ko da yake ya san ba za su dawo da wuri ba. Ya sa na kira Kaltouma, waya ta ce ba a samunta. Ya ce Barthélemy ya ɓatar masa da 'ya a kan ruwa saboda wata tsohuwar takarda. Jim kaɗan ya ce a'a, mutumin kirki ne, in ya mutu a ba shi almakashinsa. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, na koma yi masa fifita da murfin kwano. Ya yi azahar a zaune, yana sallamewa ya tambaye ni ko waya ta yi ƙara.

Sai bayan la'asar ta yi, kiran bidiyo ne. Hoton yana tsinkewa, iska tana kaɗa muryar Kaltouma, rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana tafiya. Daga abin da muka tsinta, wani masunci ne ya haye da su. Dutsen ya zama kamar tsibiri, amma da rani ana iya zagaya gindinsa a ƙafa. Ta juya wayar: ga kuka tsohuwa, rabinta ya mutu, ga gutsattsarin duwatsun niƙa cikin ciyawa, ga wasu duwatsu a jere gabas da kukar, waɗanda ba ruwa ne ya jera su ba. Can ƙasa, da nisa, tafkin yana ƙyalli.

Na riƙe masa wayar kusa da fuska. Na zaci zai tambayi wanne ne nata, abin da ba mai iya faɗa masa. Bai tambaya ba.

"Kaltouma, taɓa ƙasar. A bushe take?"

Muka ga hannunta ya sauka, ya damƙo, ya buɗe. Ƙasar ta zube ta tsakanin yatsunta, iska ta kwashe ta.

"A bushe, Baba. Ko alamar laima babu."

Ya ce in yi addu'a. Na ɗaga hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya, abin da ban taɓa jin wani malami ya yi ba kafin ni. A can gefen hoton na hango Barthélemy ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Kafin mu shafa, rezo ya tafi. Bobbo ya shafa tasa, ya zame a hankali, ya miƙe ƙafafunsa a kan gado, ya yi barci. Tun dawowarsa daga asibiti ban ga bayansa ya taɓa katifa gaba ɗaya ba sai ranar.

Da ya farka washegari, Kaltouma tana gefensa, ta ajiye masa ɗan kuka guda da ta tsinto da guntun dutsen niƙa. Ya juya su a hannu, ya ajiye. Abin da ya ce shi ne a je kasuwa a sayo karfasa, ta Lagdo, a yi masa romo. Kaltouma ta dube ni, na ce ta yi abin da aka ce. Ya sha cokali biyu, ya ce ashe abin da muke ci ke nan duk shekarun nan, gishiri ya yi kaɗan. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa, yana kwance, ba ya neman takalmi. Muka kai shi bayan azahar. Barthélemy ya raka mu har bakin maƙabarta, ya tsaya a inuwa har muka fito.

Ga abin da aka samu, ga kuma inda yake, domin wanda zai tambaya nan gaba. Taswira tana wurin Kaltouma, Barthélemy ya bar mata. Ta sa an yi mata gilashi, ta rubuta da fensir a gefen ɗige-ɗigen cewa wannan shi ne gari na farko. Wurin gari na biyu, wanda ba ya kan kowace takarda, ta sa masa alama a bakin shuɗin layi bisa kwatancen mahaifinta. Almakashi yana wurin Barthélemy. Guntun dutsen niƙa yana ɗakin Kaltouma. Sunan matar da ta sayar wa masu awo nono ba a same shi ba, ba kuma za a samu ba. Ɗan kukar ni aka ba. Yana kan tagar zaurena, ban fasa shi ba; in iskar yamma ta taso ta motsa shi, ana jin 'ya'yan da ke ciki suna ƙara kaɗan-kaɗan.